Zoɓo, Kanwa da Ɗaliban Huangpu



Ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauro kwantena daga ƙasar Sin zuwa Legas mai yiwuwa ya ci karo da sunan Huangpu, ko da a takardar kayansa ce bai kula ba. Gunduma ce a gabashin birnin Guangzhou, a bakin Kogin Lu'ulu'u, mai mutane fiye da miliyan ɗaya. Fatakenmu na Kantin Kwari da Sabon Gari sun fi sanin unguwar Xiaobei, inda suke sauka su sami tuwo da masallaci, amma kayan da suka saya da yawansu ta tashar jiragen ruwan Huangpu suke fita. 'Yan ƙasar su kuma sun san wurin da makarantar sojan da jagoransu Sun Yat-sen ya kafa a 1924. Ni yau ba kwantena ce ta kai ni can ba. Ajin kemistiri nake so mu leƙa, inda ake koya wa yara yadda abu ke haɗuwa da abu ya zama wani abu daban, mu dawo mu dubi namu ajin.

A ƙasar Sin, tun dokar 1986, karatun shekara tara wajibi ne a kan kowane yaro. A shekara ta tara ɗin nan, yaro yana wajen shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar, ake fara masa kemistiri. Kowa da kowa ne, ba a ware 'yan kimiyya ba tukuna. Wanda zai zama direban tasi da wadda za ta zama likita, benci ɗaya suke zama su ga an ƙona ƙarfen magniziyam ya yi haske kamar walƙiya ya koma farar toka. A ƙarshen shekarar akwai jarrabawar shiga babbar sakandare da suke kira zhongkao. To a Guangzhou, daga 2021, cikin maki 100 na kemistiri, maki 10 ba a takarda ake cinsu ba. Yaro zai tsaya gaban tebur, ga kwalabe ga fitila, mai duba shi yana kallo, ya yi gwajin da hannunsa.

Maki goma, wani zai ce me aka yi aka yi maki goma? Ai a garin da maki ɗaya tak kan raba yaro da makarantar da yake buri, babu shugaban makarantar da zai kulle ɗakin gwaje-gwaje ya sa makulli a aljihu. Iyaye ma ba za su bar shi ya yi barci ba.

Ni kuwa bari in ba ku nawa labarin. A makarantar da na yi, ba zan kama suna ba, malaminmu na kemistiri mutumin kirki ne, kuma ya san aikinsa, Allah ya saka masa da alheri. Amma doguwar kwalbar nan mai famfo da ake ɗiga asid da ita, wadda ake kira biyuret, a allo na fara ganinta, da alli ya zana mana. Ya ce idan aka ɗiga asid har ya kai, ruwan zai juya daga rawaya zuwa ruwan lemo. Muka rubuta, muka haddace kamar karatun allo. Shekara biyu da rabi muna ɗauke da wannan launin a ka ba mu taɓa ganinsa ba. Sai da jarrabawar WAEC ta rage 'yan makonni aka buɗe ɗakin, aka kaɗe ƙura, aka jera mu mutum takwas-takwas kan kwalba ɗaya. Ranar da ruwan ya juya a idona, wallahi na ɗauka rufa-ido ne. Na ci jarrabawar, amma ban ce muku na san abin da ya faru cikin kwalbar ba.

To mene ne ma wannan abu da Bature ke kira riyakshan, mu kuma za mu iya ce masa sauyin sinadari? Ka ɗauki ƙanƙara ka ajiye a rana, ta narke. Ruwa ne da ma, ruwa ya koma, kama kawai ya sake. Amma ka sa itace a murhu, ya ci wuta, ya bar maka toka da hayaƙi da zafi. Duk dabararka ba za ka mayar da tokar nan itace ba. Abin da ya faru shi ne ƙwayoyin zarra da suka haɗu suka yi itace sun saki juna, sun kama waɗansu abokan, musamman iskar oksijin, sun tashi a matsayin sababbin abubuwa. Ƙwayoyin ba su mutu ba, ba a kuma haifi sababbi ba; abokan zama kawai suka sauya. Wani Bafaranshe, Lavoisier, shi ya tsaya da sikeli ya tabbatar da haka, ya rubuta a littafinsa na 1789: idan ka rufe abu ruf ka auna kafin sauyi da bayan sauyi, nauyin ɗaya ne. Wannan shi ne tushen abin da ke ba ɗalibai ciwon kai, wato daidaita lissafin hagu da dama. Ba wani sihiri ba ne, lissafin mai kanti ne. Buhu nawa ya shigo, buhu nawa ya fita, dole su zo daidai, in ba haka ba akwai wanda ya yi maka sata.

Sinawa sunan da suka raɗa wa darasin ma ya faɗi aikinsa. Huaxue suke cewa, ma'ana ilimin sauyi. Yaro tun ranar farko ya san me ya zo koya. Mu kuwa akwai abin dariya a namu lamarin: kalmar kimiyya da muke kiran dukan ilimin zamani da ita, daga Larabcin alkimiya take, kuma daga can ɗin dai Turawa suka samo kalmar kemistiri. Ke nan sunan darasin yana bakinmu tun kafin Bature ya zo, muka ba da shi aro ga kowa, shi mai sunan muka bar shi da na Turanci.

Zancen suna ɗin nan a nan nake so in daɗe, domin a ganina rabin tazarar da ke tsakanin yaron Huangpu da yaron Kano a harshe take. Wajajen 1870, a nan birnin Guangzhou, wani likita ɗan Amurka mai suna John Kerr da wani ɗalibinsa He Liaoran suka fitar da littafin kemistiri cikin Sinanci. A daidai wannan lokaci a Shanghai, wani malami Xu Shou da wani Baturen Ingila John Fryer suna kan irin wannan aiki, nasu littafin ya fito a 1871. Matsalar da suka tarar ita ce tamu ta yau: Sinanci yana da sunan zinariya da azurfa da ƙarfe da tagulla da dalma, amma ba shi da sunan sodiyam ko kalsiyam. Sai Xu Shou ya yi dabara. Ya ɗauki gaɓar farko ta sunan Turai, ya nemo harafin Sinanci mai irin wannan sauti, ya manna masa alamar ƙarfe a gefe. Tsarin da aka gina a kan wannan dabara shi ake bi har gobe. Idan sinadari ƙarfe ne, harafinsa na ɗauke da alamar ƙarfe. Idan iska ne, alamar iska. Idan daskararre ne amma ba ƙarfe ba, alamar dutse. Idan ruwa-ruwa ne, alamar ruwa. Yaro na ganin sunan ya san dangin abin tun kafin malam ya buɗe baki. Sunan haidirojin daga kalmar rashin nauyi ya fito, na oksijin daga kalmar ciyarwa, na kulorin daga kalmar kore, don iskar kore-kore ce. Kuma aikin bai tsaya ba: a 2017 hukumominsu suka zauna suka fitar da sunayen Sinanci na sababbin sinadarai huɗu da aka ƙara a jadawali, har da ƙirƙiro sababbin haruffa.

Amma ku lura, jama'a, ba su taɓa alamomin duniya ba. Ruwa a allon Huangpu H biyu O ne, kamar yadda yake a allon Zariya da na Landan. Alamar ta kowa ce, bayanin ne na gida. Yaro yana tambaya da harshen da yake mafarki da shi, ana ba shi amsa da shi.

Ga wani abu da ban sani ba sai da na girma, kuma har yau ina jin haushin ba a gaya mini a aji ba. Alamar sodiyam a jadawali N da A ce, Na. Mun sha tambayar kanmu ina N a cikin sodiyam? Ashe daga natiriyum take, shi kuma daga natron, wato kanwa. Kanwar nan dai ta ɗanwake, wadda ake haƙowa a ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Cadi, ayari na kawo ta kasuwanninmu tun zamanin kakanni. Alamar fotashiyam kuma K ce, daga kaliyum, daga Larabcin alƙali, ba mai shari'a ba, tokar tsire-tsire. Ke nan kanwa da toka suna zaune cikin jadawalin da muka yi ta haddacewa muna kuka. Gaɓar da Xu Shou ya ɗauka wa sodiyam ita ce na. Yaron Huangpu duk sanda ya ambaci sodiyam, gutsuren sunan kanwa yake faɗa.

Idan yaron nan ya shiga babbar sakandare, babin farko na littafin da akasarin makarantu ke amfani da shi yana kai shi ga wani nau'in sauyi da ake kira ridoks. A taƙaice ciniki ne na ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron: wani ya bayar, wani ya karɓa, kuma ba mai bayarwa sai da mai karɓa. Gwajin da aka saba nuna musu tun aji tara mai sauƙi ne. A jefa ƙusa cikin shuɗin ruwan gishirin tagulla, bayan ɗan lokaci ƙusar ta yi jar riga, shuɗin ruwan ya fara kwashewa. Ƙarfe ya ba da ilektiron ya narke cikin ruwa, tagulla ta karɓa ta fito ta zauna a jikin ƙusa. Sai malam ya ƙara musu da cewa kakanninsu sun san wannan, har a zamanin daular Song, shekara ɗari tara da wani abu da suka wuce, da wannan hanya ake samar da tagullar buga kuɗi a yankin Shaoguan, a arewacin lardinsu na Guangdong. Ka ga yaro ya tashi daga aji yana jin abin nasu ne.

To mu fa? Mu ai namu ya fi nasu kyan gani, kuma yana nan da ransa a tsakiyar birni. Ku je karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda masu shi ke cewa tun 1498 ake rini a wurin. Shunin baba, a yadda yake, ba ya narkewa a ruwa, kuma abin da bai narke ba ba zai shiga zare ba. Marini ya san haka ko da bai faɗe shi da waɗannan kalmomi ba. Sai ya cika rijiyar rini da ruwa, ya zuba baba, ya zuba toka da katsi, ya bar ta kwanaki tana ruɓa, yana motsawa, yana duban kumfa, yana shinshina. A cikin kwanakin nan waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna cinye oksijin ɗin da ke ruwan, suna tura wa shunin ilektiron. Da ya karɓa sai ya sauya hali, ya narke, launinsa ya koma kore-kore mai ɗan rawaya. A tsoma farin yadi, ruwan ya ratsa zare. A ɗago shi. Nan ne abin kallon yake: yadin ya fito kore, yana shan iska a gabanka yana rikiɗa, har ya zama shuɗi. Oksijin ɗin iska ne ya ƙwace ilektiron ɗin da aka ba shunin, shi kuma ya koma halinsa na da, wanda ba ya narkewa, amma yanzu yana ɗaure a cikin zare, ba hanyar fita. Shi ya sa marini ke tsomawa ya ɗago, ya tsoma ya ɗago, har yadin ya yi duhun da Buzaye ke so.

Wannan shi ne ridoks ɗungurungum, bayarwa da karɓa, a rami ɗaya. Makarantun sakandare nawa ne ke kewaye da Ƙofar Mata, tafiyar ƙafa ko ta Adaidaita Sahu? Ɗalibai nawa ne aka taɓa kai wa su tsaya bakin ramin nan da littafin kemistiri na Ababio a hannu? Baƙi daga Turai suna zuwa ɗaukar hoto, ɗan unguwa yana wucewa yana toshe hanci, gobe ya faɗi tambayar ridoks a jarrabawa.

Kuma labarin bai ƙare a nan ba. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya rubuta yadda rinannen tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Abin da ya karya wannan kasuwa, da ta baban Indiya wadda ta fi tamu girma, daga ɗakin gwaje-gwaje ya fito. Wani Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya gano ginin ƙwayar shunin ya haɗa shi a kwalba, kamfanin BASF ya fara sayar da shi a 1897. Wanda ya san yadda ake yi ya riƙe sana'a ɗaruruwan shekaru. Wanda ya san dalilin da ya sa ake yi ya zo ya ɗauke ta cikin shekaru kaɗan. Yau atamfa da shaddar da ke cika Kwari, da hodar rinin da masu rinin zamani ke kaɗawa da soda a cikin duro, da yawansu daga ƙasar Sin ake lodo su.

Akwai wani mutum da kowane ɗalibin kemistiri a ƙasar Sin ya san sunansa, domin yana cikin littafinsu a babin sodiyam: Hou Debang. An haife shi a 1890 a lardin Fujian, ya yi karatu a Amurka, kuma abin sha'awa, digirinsa na dakta a Jami'ar Columbia a kan jima ya yi shi, jimar fata da gishirin ƙarfe. Da ya zo Kano da shi da majema sun sami abin hira. Ya koma gida ya jagoranci masana'antar Yongli kusa da Tianjin, inda suke yin farar soda, wadda ba a yin gilashi da sabulu da takarda sai da ita. A lokacin kamfanonin Turai sun ɓoye sirrin hanyar Solvay ta yin wannan soda. Hou ya wahala ya gano ta da kansa, sa'an nan a 1933 ya buga littafi ya baje wa duniya. Da yaƙi da Japan ya kora su zuwa Sichuan, inda gishiri ke da tsada, sai ya sake fasalin hanyar gaba ɗaya ta yadda kusan dukan gishirin zai shiga aiki, kuma a sami takin zamani a gefe. Farar sodar nan, jama'a, ita ce babban sinadarin da ke cikin kanwa. Abin da Hou ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗawa daga gishiri, mu Allah ya shimfiɗa mana shi a ƙasa.

Uwar gida kuma ta fi kowa sanin halin kanwa. Miyar yakuwa ta yi tsami, ta jefa 'yar kanwa, miyar ta yi kumfa, tsamin ya mutu. Asid ne ya haɗu da kishiyarsa suka kashe juna, kumfar kuma iskar kabon dayoksaid ce ke fita. Wannan shi ne ainihin abin da na tsaya gaban biyuret ina yi ban sani ba, alhali tun ina goye ake yin sa a gabana. Wake ya ƙi dahuwa, kanwa. Ruwan toka da mai a tukunya, sabulun salo. Madara ta kwana ta zama nono, ƙwayoyin halitta ne suka mai da sukarinta asid. Majemi ya jiƙa fata a ruwan bagaruwa, sinadarin da ke cikin bagaruwar ya ɗaure naman fatar ta daina ruɓa. Gidan Bahaushe cike yake da darasin da ɗansa ke cewa ya fi ƙarfinsa.

Yanzu kada wani ya ce na mai da Huangpu aljanna. Su ma suna da tasu cutar, kuma sun san da ita. Yaro a can yana iya kwana yana amsa tsofaffin tambayoyin jarrabawa ɗari bisa ɗari har idonsa ya yi ja, don jarrabawar shiga jami'a, gaokao, ba ta da tausayi. A Guangdong, daga 2021, ɗalibi yana rubuta Sinanci da lissafi da harshen waje, ya zaɓi fiziks ko tarihi, sa'an nan ya ɗauki biyu cikin kemistiri da bayoloji da labarin ƙasa da siyasa. Ka ga akwai masu sakin kemistiri da zarar sun sami dama. Haddar aku ba mu kaɗai muka iya ta ba. Sannan kuɗi ma magana ne. Huangpu gunduma ce mai arziki. Tun 1984 aka kafa yankin raya masana'antu a wurin, ga matatar mai ta Sinopec, ga babbar masana'antar kamfanin P&G mai yin sabulun wanke gashi, ga unguwa guda da ake kira Birnin Kimiyya. Yaron da ke wuce waɗannan wurare kullum ba ya tambayar malam, wai wannan karatun ina zai kai ni? Yana ganin inda zai kai shi ta tagar bas.

Amma mu ma ba a jeji muke ba. Kano ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu shaida ne cewa idan aka ba ɗan talaka ɗakin gwaji da malami, zai yi. A Zariya akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, a Basawa, da cibiyar nazarin fata a Samaru. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da gishirin kuromiyam suke aiki, kuma ruwan da suke zubarwa mai wari da launi shi kansa darasi ne ga wanda zai auna shi. Abin da ya ɓace mana shi ne igiyar da za ta ɗaure waɗannan wurare da allon aji.

Na san abin da wasu malamai za su ce: jarrabawa da Turanci ake yi, jami'a da Turanci ake yi, in ka koyar da Hausa ka cuci yaro. Ina jin wannan magana, kuma ban ce a jefar da Turanci ba. Ko Hou Debang da Turanci ya rubuta littafinsa. Abin da nake cewa shi ne yaro ya fara ganin abin, ya fahimce shi da harshen da ba ya masa shamaki, sa'an nan a ba shi sunansa na Turanci ya riƙe. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ile-Ife daga 1970, aka koyar da yaran firamare da Yarabanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turancin. Gaskiyar magana ma, malamai da yawa a Arewa suna yin haka a ɓoye. Su yi bayani da Turanci, su ga idanu sun yi fari, su juya Hausa, aji ya ce au, ashe haka ne! Sai dai suna yi kamar masu laifi, kuma kowa da kalmar da ya ƙirƙira, ba wanda ya zauna ya daidaita mana su yadda Xu Shou ya fara wa Sinawa.

Abin da ya fi damuna kuwa su ne waɗanda ba sa shiga ajin sam. A tsarinmu kemistiri sai aji ɗaya na babbar sakandare, kuma sai 'yan ajin kimiyya. Saura sun yi sallama da shi ke nan, in ban da ɗan abin da suka taɓa a ƙaramar sakandare. Amma sinadari ba ya tambayar wane aji ka yi. Duk hunturu sai mun ji labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kaskon gawayi suka rufe ƙofa da taga, aka wayi gari ba su tashi ba. Gawayi idan ya sami iska isasshiya, kabon dayoksaid yake fitarwa. Idan iska ta yi ƙaranci, sai ya fitar da kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta zauna a gurbin oksijin. Bambancin ƙwayar oksijin ɗaya ce tsakanin biyun, kuma wannan ƙwaya ɗaya ita ce tsakanin barci da mutuwa. Haka hayaƙin janareto a cikin gida. Haka mai wanke banɗaki da za ta haɗa ruwan bilic da maganin wankin masai mai asid don wai ya fi ƙarfi, iskar kulorin ta tashi ta shaƙe ta. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida. Shekara ɗaya ta kemistiri ga kowane yaro, kamar yadda ake yi a Huangpu, ba za ta kawar da talaucin da ke sa mutane haka ba, amma za ta sa a sami mutum ɗaya a gida da zai ce a buɗe taga.

Kafin lokaci ya ƙure mana, ga aikin gida, iyaye da malamai. Ba sai an jira kwangilar ɗakin gwaji ba. A jiƙa zoɓo a ruwan zafi, a tace, kada a sa sukari. A raba shi kofin gilashi uku. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a matsa masa lemon tsami, za a ga jansa ya ƙara haske. Na uku a ɗiɗɗiga masa jiƙaƙƙiyar kanwa kaɗan-kaɗan, ana kaɗawa, za a ga jan yana dushewa, ya yi duhu, ya karkata zuwa kore-kore. Sa'an nan a ɗauki wannan na ukun a riƙa matsa masa lemon tsami, a ƙirga ɗigo nawa zai sha kafin jan ya dawo. A bar yaron ya riƙe cokalin da kansa, ya yi ƙirgar da kansa, ya rubuta. Gobe a ƙara yawan kanwar a sake ƙirgawa, a tambaye shi me ya sa adadin ya sauya. Wanda aka zuba wa kanwa da yawa dai kada a sha, a zubar.